Waiwaye: Yadda Gidan Gandu Ya Watse a Maraɗi, da Waɗanda Ya Bari a Rana

In aka tashi maganar lalacewar gidaje a Maraɗi, a wurin wa'azi ko a gidajen rediyo, laifin yakan faɗa kan wayar salula da rashin haƙurin matan zamani. Da gaskiya a ciki, amma ba daga nan aka faro ba. Mutuwar aure tsohon abu ne a ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir. Tsofaffi da yawa sun yi aure biyu ko uku kafin su zauna, ba wanda ya ga abin mamaki. Abin da ya sake shi ne wurin da mace da ɗiyanta ke faɗawa idan aure ya mutu, da mutanen da a da suke tsayawa tsakanin miji da mata tun abin bai kai can ba.

A da gida gandu ne. Maigida da ƙannensa da ɗiyansa maza masu aure suna noma gona guda, su zuba a rumbu guda. Yawancin ranakun mako na gandu ne, sauran kowa ya tafi gamanarsa, wato gonarsa ta ƙashin kansa, har da mata, abin da mutum ya samu a can nasa ne. Maigida ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari, shi ke yanka ragon suna. Kada a ɗauka aljanna ce: an danne ƙanne, an aurar da ɗiya ba da sonta ba, kishi kuma ya yi ɓarna. Sai dai mutum bai isa ya daki matarsa har makwabta su ji ba tare da uwarsa ta fito daga ɗaki ba, kuma yaron da uwarsa ta yi yaji ba ya kwana da yunwa, tunda tukunya ba ta mutum ɗaya ba ce.

Kuɗi ne suka fara kwance wannan ɗauri. Bature ya aza haraji da sai an biya da tsaba, gyaɗa ta zama hanyar samunsu, bayan mulkin kai kuma aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen ta. Saurayin da ya ga kuɗin gyaɗar gamanarsa a hannu sai ya fara lissafin ranakun da yake ba gandu. Sannan fari ya zo. Na 1973 ya karya gyaɗa, na 1984, wanda mutane ke kira El Buhari saboda ya haɗu da rufe iyaka da Buhari, shugaban Najeriya na lokacin, ya yi, ya karya rumbuna. Maigidan da ya kasa ciyarwa da biyan sadaki ba shi da bakin hana ɗansa ware tukunya.

Daga nan wata al'ada ta yi ƙarfi a ƙauyuka, wadda a ganina ita ce tushen ɓarna mai yawa. Da an gama kaka, maigida ya liƙe rumbu don a samu abin ci lokacin noma, ya ɗauki jakarsa ya nufi Kano ko Legas ci-rani, daga baya ma har Libiya. Watannin rani duka mace ce da ɗiyanta, da ɗan hatsin gamanarta, da akuya ɗaya ko biyu, da ƙosai ko fura da ake ɗora wa yarinya talla. In ya aiko, to. In bai aiko ba, sai haƙuri.

Gamanar ma ta zo ta ƙare. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, binciken lafiya na wannan shekara kuma ya nuna mace guda na haihuwar ɗiya fiye da 8 a rayuwarta, sama da matsakaicin ƙasa na 7.6. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. A kudancin jihar, wajen Madarunfa, inda ƙasa ta fi matsewa, mata ne aka fara janyewa daga gona, wani lokaci da sunan kulle, alhali ba gonar da za a ba su ne. Yunwar 2005 ta fallasa abin: jihar da ake kira rumbun ƙasa ita ta cika cibiyoyin jinyar tamowa da yara, ga hatsi a kasuwa, ba kuɗin saye a hannun iyaye mata.

Birni kuwa nasa salon daban. Tun da ambaliyar 1945 ta tashi tsohon gari daga bakin Gulbi aka koma tudu, aka yanka filaye murabba'i, zaman dangi unguwa guda ya fara raguwa. Alhazan da suka yi arziki da fataucin Najeriya suka kafa misali na mata huɗu a kulle da biki na kece raini, mai ƙaramin ƙarfi ya ce shi ma sai ya yi. Aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, Najeriya ta sake rufe iyaka a 2019, takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 2023 ya biyo baya, kowane ya rage kuɗin cefane bai rage tsadar aure ba. Yau ɗan kabu-kabu na iya ajiye mata biyu a ɗakunan haya guda biyu, a unguwar da ba shi da ko ɗan'uwa ɗaya. In faɗa ya tashi da dare, makwabci ya ce ba ruwansa.

A je ƙofar alƙali da safe a gani. Yarinya ce da ba ta wuce shekara 19 ba, goyo a baya, wani yaro riƙe da zanenta, kawunta na gefe yana ta cewa, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, aure ibada ne." Ita kuwa maganarta ɗaya: "Allah gafarta Malam, wata nawa ba ci ba sabulu. Ni dai a ba ni takardata." An yi mata aure tana 14 ko 15, kamar yawancin sa'o'inta, a 2012 mata 89 cikin 100 a jihar an aurar da su kafin su cika 18. In ta samu takardar, ta koma gidan uban da shi ma ya kasa, kafin shekara a matsa mata ta sake aure don a rage baki. Sabon miji ba ya son agola. Yaron da ya kai shekara bakwai uba ya karɓe shi, ya damƙa wa kishiyar uwa ko ya haɗa shi da malami ya tafi gabas. Wanda ya rage a gari, lakwal, wato makarantar boko, ta gagara, sai fada da shayi, wasu har tramol. Ɗiya mace kuwa, tallar da ta ciyar da gidan ita ke kai ta hannun da bai dace ba, sai a yi gaggawar aurar da ita, labarin uwarta ya dawo sabo.

Hukuma fa? Har yanzu Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Aure da saki da riƙon yara da gado ana yanke su ne bisa al'adar masu shari'a, tsohuwar dokar da aka gada daga Faransa kuma ta sa shekarun auren mace 15, na namiji 18. An tsara kundi a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka ce ya saɓa wa Musulunci, aka ajiye shi. Majalisar dokoki ta ƙi yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006, wani daftarin kuma ya sha ƙasa a 2011. Dokar 2017 da ta nemi a bar yarinya a makaranta har shekara 16 ba ta taɓa maganar saki ba. Abin takaici, haƙƙoƙin da shari'ar Musulunci da kanta ta wajabta, ciyarwa cikin idda da ɗaukar nauyin ɗiya bayan rabuwa, su ma ba mai tilasta su. Alƙali ya yanke wa uba jika biyar ko goma a wata, ya biya na farko, na biyu a ji ya tsallaka iyakar Ɗan Isa ya shiga Najeriya.