Ganin mamaci a mafarki ko jin kamar yana kusa

Ganin mamaci abu ne da ke samun wanda aka yi wa rasuwa, ya ga uwarsa, ko mace ta ga mijinta, a mafarki, ko kuma ido biyu ya ji kamar mutumin na nan a ɗaki. Wata tana cikin takaba za ta ji gyaran muryar maigidan a zaure daidai lokacin da ya saba dawowa daga sallar isha'i, har ta miƙe ɗauko masa tuwo kafin ta tuna, wani kuma ƙamshin turaren mahaifiyarsa ne zai bugi hancinsa alhali an riga an raba kayanta.

Abin ya fi yawa fiye da yadda ake zato. A 1971 wani likita Dewi Rees ya tambayi mutum 293 da suka rasa abokan aurensu a yankin Wales na Birtaniya, kusan rabinsu suka ce ya same su, galibi jin mutum a kusa ne, gani da jin murya ba su kai shi yawa ba. Yawancinsu sun ce abin sanyaya musu rai yake, amma ɓoyewa suke kar a yi musu ba'a. Mu ma nan haka ne, sai dai tsoron namu a ce fatalwa ce ko aljani ya shigo da siffar mamaci, shi ya sa mace za ta shekara tana haɗiye maganar, kuma wallahi abin tausayi ne.

A Musulunci hadisi ya raba mafarki uku, na bushara daga Allah, na Shaiɗan, da na abin da rai ke saƙawa. Malamai da dama na kafa hujja da aya ta 42 a Suratuz Zumar cewa ran mai barci na iya haɗuwa da na mamaci. Akwai kuma labarin sahabi Sabitu ɗan Ƙais da ya yi shahada a yaƙin Yamama, wani ya gan shi a mafarki yana faɗin inda sulkensa yake da bashin da ke kansa, aka je aka samu sulken, Sayyadina Abubakar ya zartar da wasiyyar. Duk da haka ba a gina hukunci kan mafarki.

Abin da aka saba a ƙasar Hausa in an yi irin mafarkin nan shi ne addu'a da sadaka, a soya waina ko ƙosai a raba wa almajirai, in kuma an ga mamacin cikin damuwa sai 'yan'uwa su shiga cigiya ko akwai mai binsa bashi.