Maganin kumburin hanji da na'urar sauti: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Shin hoton ciki da ake yi a wuraren sikanin yana rage kumburin hanji?

A'a. Wannan na dubawa ne kawai, kuma ko an yi wa mutum sau goma, kumburinsa yana nan.

To, mene ne ake ta yaɗawa a waya cewa na'urar sauti tana maganin kumburin hanji?

Bincike ne a kan dabbobi. A shekarar 2019, masana a Amurka suka nuna cewa idan aka auna saifar ɓera da sautin da ya fi ƙarfin jin kunne, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan rage fitar da sinadarin TNF mai rura kumburi, kuma a wani binciken, ɓerayen da aka jawo wa kumburin hanji sun samu sauƙi bayan an auna cikinsu da sautin. Tun 2015 ma, masu bincike a jami'ar MIT suka gwada tura magani cikin bangon hanji da irin wannan sauti. Ɓera dai ba mutum ba ne.

Akwai na'urar sauti a sashen gashi. In je a ɗora mini a ciki?

A nan nake so a nutsu. Na'urar masu gashi an tsara ta ne domin jijiyoyi da gaɓoɓi, kuma ƙarfinta da wurin da ake auna ta sun bambanta da na binciken saifa. Mai yiwuwa ba ta cutar da kai ba, amma hanjin da ya yi gyambo yana iya zubar da jini ko ya tara mugunya, kuma ɗumama irin wannan wuri ba abin wasa ba ne. Mace mai juna biyu kuwa kada ma ta kusance ta. Kafin nan ma, wa ya tabbatar maka da cutar? A Kano, zawo mai jini ya fi zama atini, kuma tarin fuka na hanji yana kama da cutar Crohn (wani nau'in kumburin hanji mai daɗewa) ƙwarai, har likita kan buƙaci duba hanji da kyamara da ɗaukar tsoka kafin ya raba su. Je asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ka ga likitan hanji tukuna.

In dakatar da mesalazine, maganin kumburin hanjin da nake sha, ina jiran sabuwar hanyar?

Kada ka kuskura. Ka ci gaba da shan maganinka yadda aka rubuta maka, ko da cikin ya lafa.

Ciwon nan hukuncin kisa ne?

Haba, Malam. Mutane da yawa suna shekaru da shi suna kasuwancinsu, muddin suna zuwa ganin likita a kan lokaci.