Waiwaye: Yadda giwa da kada suka koma haɗuwa a mashaya ɗaya

Kusan kowace shekara, idan rani ya kai maƙura a kudancin Afirka, wato daga Satumba zuwa farkon Nuwamba, sai wani bidiyo ya ɓulla ya karaɗe Facebook da TikTok. Garken giwaye ya jeru a bakin ruwa, wata ta zura hanci, sai ruwan ya tsage, kada ya cafke hancin. Giwa ta kurma ihu ta ja da baya, kadan na reto a jikinta kamar an rataye buhu. An ga irin wannan a gandun Luangwa ta Kudu a Zambiya a 2010, an sake gani a gandun Liwonde na Malawi a 2017, inda ƙaramar giwa ce aka kama, babba ta kawo ɗauki.

Da bidiyon ya fito sai gardama ta tashi. Wasu su ce giwaye sun yi yawa, dole a rage su. Wasu su ce fari ne. Masunta a tafkin Kariba, da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, kuma su ce ai kadojin ne suka yi yawa, kuma su mutanen bakin ruwa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Muhawarar ta ƙara zafi a 2024, shekarar da fari ya sa Zimbabuwe ta sanar da shirin yanka giwaye 200, Namibiya kuma 83, don a raba wa jama'a nama. A cikin hayaniyar ana magana kamar jiya dabbobin nan biyu suka fara karo. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan batu ruwan ne ma kansa tushen zancen.

Sai an fara fahimtar abin da ke faruwa a daƙiƙar cafkar. Kada ba ya zaɓen giwa. Yana kwance ƙarƙashin ruwa mai duhu, kuma a gefen muƙamuƙinsa akwai ƙananan ɗigo-ɗigo masu jin motsin ruwa komai ƙanƙantarsa. Abin da ya saba shi ne bakin barewa ko na jakin dawa ya taɓa ruwa, ya kai cafka, ya ja baya, ya nutsar da dabbar. Kan hancin giwa yana taɓa ruwa kamar yadda bakin barewa ke taɓawa. Sai bayan ya riƙe ne yake gane abin da ya jawo wa kansa. Babban kadan Nilu namiji kan kai mita 4 zuwa 5, nauyinsa 'yan ɗaruruwan kilo. Uwar giwa kuwa tana kusan kilo 3,000, toro ya kai 6,000. Haƙoran kada masu tsini ne, na riƙewa, ba na yanka ba. Idan zai ɓalle nama sai ya mirgina jikinsa, kuma mirginar ba ta yiwuwa sosai idan an ɗaga shi sama. Giwa takan fizge shi zuwa tudu, ta jijjiga, ta durƙusa a kansa ko ta soke shi da haure. Galibi kadan ne ke kwana a ciki.

Amma giwar ma ba ta tashi lafiya lau. Hancin ba shi da ƙashi ko ɗaya, tsoka ce zalla, kuma da shi take numfashi, take shaƙar ƙamshi, take tsinkar ganye da 'yan leɓɓa biyu na ƙarshensa, take zuƙar ruwa lita 8 zuwa 10 a tashi ɗaya ta zuba a baki. Babbar giwa na shan lita 100 zuwa 200 a rana. Idan haƙori ya huda hancin, ruwan da ta zuƙa sai ya riƙa tsiyaya ta hujin. Idan kan ya ɓalle, dole ta koma durƙusawa ko shiga ruwa ta sha da baki, ta kuma dogara da ganyen da ke daidai tsayin bakinta. Ɗan giwa ne ke cikin haɗari na gaske. Ana haihuwarsa da kilo 100 zuwa 120, kuma yakan yi watanni bai iya sarrafa hanci ba, don haka da baki yake sha, fuskarsa a cikin ruwa. Nan kuma a yi hattara: ba duk giwa mai gundulmin hanci ce kada ya kama ba. Tarkon waya da mafarauta ke ɗanawa ƙananan namun daji yana shaƙe hancin giwa har ya yanke shi, kuma wannan ba ya shiga bidiyo.

Tarihin farko sananne ne. Farautar haure a ƙarni na 19 ta share giwaye daga mafi yawan ƙasar Afirka ta Kudu, har a farkon shekarun 1900 da ƙyar ake ganin sawunsu a yankin da ya zama gandun Kruger a 1926. Kada ya sha tasa azabar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kasuwar fata ta buɗe, ana bin koguna da dare a jirgin ruwa da fitila ana harbi. Daga baya dokokin kariya suka zo, yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta fara aiki a 1975, aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. A kudancin nahiyar dabbobin biyu suka farfaɗo a kusan zamani ɗaya. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2022 a yankin Kavango da Zambezi, wanda ya haɗa ƙasashe 5, ta ba da giwaye kusan 228,000. Duk wannan ana faɗa kullum.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin su farfaɗo an riga an sauya musu taswirar ruwa.

A da, giwar daji mai ƙarancin ruwa tana da hanyoyin sha uku. Da damina ta sha a kududdufai da ke warwatse ko'ina, waɗanda ba su daɗewa balle babban kada ya mayar da su gida. Da rani ta nufi manyan koguna masu tsawon gaɓa, inda garke ke da zaɓin wurin sauka, ya nemi inda ruwa bai da zurfi kuma ana ganin ƙasansa. Hanya ta uku ita ce haƙa. A busasshen rafi mai yashi, giwa kan sa ƙafar gaba ta ture yashi, ta ƙarasa da hanci, har ramin ya kai kusan mita ɗaya, ta tsaya ruwa ya tsattsafo. Ruwa ne tatacce, mai sanyi, kuma babu kada a ciki. Har yau ana ganin wannan a Ruaha da Tarangire na Tanzaniya, da rafukan arewacin Kruger. Duk wanda ya san yadda ake tonon ruwa a yashin gulbi da bazara ya san abin da ake nufi.

A Kruger an fara haƙa rijiyoyin burtsatse don namun daji a shekarun 1930. Abin ya ƙaru sosai bayan 1961, shekarar da aka kammala shingen iyakar yamma don hana cutar dabbobi yaɗuwa zuwa ga shanu. Shingen ya datse hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwan gindin tsaunuka, ga fari a shekarun 1960, ga kuma koguna irin su Letaba suna raguwa saboda noman ban-ruwa da ake yi kafin ruwan ya iso gandun. A tunanin wancan zamani, amsar a bayyane take: a kai wa dabba ruwa inda take. Kafin tsakiyar shekarun 1990 gandun yana da rijiyoyin burtsatse fiye da 300 da madatsun ruwa kusan 50, har mafi yawan faɗinsa bai fi tazarar kilomita 5 daga ruwan dindindin ba. Giwayen da aka ƙirga kusan 6,600 a 1967, aka riƙa rage su da bindiga har 1994, sun haura 17,000 zuwa 2015.

Rijiya da madatsa ba abu ɗaya ba ne, kuma a nan ne batun kada ya shigo. Rijiyar burtsatse tana da famfo mai aiki da iska ko hasken rana, yana tura ruwa cikin tankin siminti, daga nan ya gangara komi. Babu kifi, babu zurfin ɓuya, babu yashin da macen kada za ta binne ƙwanta 25 zuwa 80 ta yi gadinsu wata uku. Toron giwa ma sau da yawa ba ya bi ta komin, sai ya ɗora hanci ta saman tankin ya sha. Madatsa kuwa bango ne na ƙasa ko siminti da aka gitta wa rafin da a da yake ƙafewa. Ruwa ya tsaya shekara zagaye. Tarwaɗa da karfasa su hayayyafa. Kada yana tafiyar ƙasa da dare daga ruwa zuwa ruwa, don haka ba a daɗewa zai iso, dorina ma ta iso. Yashin da giwa ke haƙawa a wannan sashe na rafin ya nutse, laka ta binne shi.

Sai a duba yadda bakin madatsa ke zama a watan Oktoba. Ruwa ya ja baya ya bar zoben taɓo mai faɗi. Wuraren da ƙasa ke da tauri har giwa ta iya takawa 'yan kaɗan ne, kuma kowane garke nan yake sauka, yau da gobe da jibi, yawanci da la'asar zuwa dare. Kada dabba ce mai lura da al'ada. Ya san mashayar ya kuma san lokacin. Ruwan ya gurɓace da kashin dorina da tattakin ƙafafu, ba a ganin abin da ke taku ɗaya a ƙasa. Kadojin da a da suke bazu a doguwar gaɓa yanzu sun cunkushe a ɗan abin da ya rage. Ɗan giwa idan ya kafe a taɓo, uwarsa ba ta iya janye shi da sauri. Ƙari a kan haka, binciken da aka yi a Kruger ya nuna toraye ne suka fi amfani da rijiyoyin nan na nesa da kogi, garken mata da 'ya'ya kuwa sun fi manne wa koguna. Ma'ana, masu rauni su ne ke sha a ruwan da kada yake.

Kariba ita ce babban misalin wannan labari. An toshe kogin Zambezi a ƙarshen 1958, tafkin ya cika a 1963, tsawonsa ya haura kilomita 200. An tashi mutanen Tonga kusan 57,000 daga kwarin, aka kuma ceto namun daji kusan 6,000 daga tsibiran da ruwa ke cinyewa. Abin da ba a yi tsammani ba shi ne ciyawa. Hawa da saukar ruwan tafkin kowace shekara ya samar da fili a gaɓa inda wata ciyawa mai jure nutsewa ke tsirowa shar, daidai lokacin da dajin ciki ya bushe. Giwaye da ɓaunan gandun Matusadona da ke bakin tafkin suka mayar da gaɓar wurin kiwo, ba wurin sha kawai ba. Giwar da a da za ta sha ta juya, yanzu tana wuni a bakin ruwa, wani lokaci har gwiwa a ciki, tsakanin kututturan itatuwan da tafkin ya kashe. Kadoji kuma suka samu lunguna marasa igiyar ruwa da kifi a wadace. Ƙorafin masuntan yau daga nan ya samo asali.

Hwange ta Zimbabuwe ta nuna ɗaya gefen. Mafi yawanta yashin Kalahari ne, babu kogi mai gudana duk shekara, famfuna ne ke riƙe da giwayenta kusan 45,000. Kada ba shi ne babbar matsalarsu ba sai a 'yan madatsu irin Mandavu. A ƙarshen 2023, da ruwan sama ya yi jinkiri, giwaye aƙalla 100 suka mutu a can, ƙishirwa da yunwa da taɓo ne suka kashe su.

A 1997 Kruger ta sauya manufa ta fara rufe mashayan da aka ƙirƙira. Ba don giwa ko kada aka yi ba. Gwanki ne ya tona asirin: rijiyoyin arewacin gandun sun jawo jakunan dawa zuwa filayen da a da ba sa zama, zakuna suka biyo su, gwankayen da suka kai kusan 450 a 1986 suka koma ƙasa da 50 cikin shekara bakwai. Rufe rijiya abu ne mai sauƙi, a cire famfo a toshe bututu. Madatsa sai an fasa bango, a yi lissafin lakar da ta taru shekara da shekaru don kar ta kwarara ta binne ramukan kifi a ƙasa, a kuma fuskanci masu yawon buɗe ido da suka saba tsayawa nan da kyamara. Shi ya sa aikin ya tafi a hankali, har ambaliyar 2000 da ta 2013 suka riga mutane fasa wasu. Su ma kadojin sauyin ruwa bai bar su ba: a 2008 an tsinci gawar kusan 170 a kwazazzabon kogin Olifants, inda ruwan madatsar Massingir ta Mozambik ya komo baya ya tara laka, wata cuta mai taurara kitsen jiki ta kama su.

A yammacin Afirka ma akwai inda giwa da kada ke sha tare, kamar kogin Gaji a Yankari da rani, da tafkunan da aka datse a gandun Mole na Ghana. Sai dai binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2011 ya tabbatar cewa kadan da ya fi yawa a wannan yanki wani jinsi ne daban da na Nilu, ya fi ƙanƙanta kuma bai kai shi faɗa ba. Giwayen ma ba su da yawan da za su yi cunkoso irin na gandun Chobe na Botswana ko Hwange.

Yanka giwaye 200 daga cikin dubun-dubatar da Zimbabuwe ke da su ba zai ƙara wa wata mashaya ko taku ɗaya na tsawon gaɓa ba, kuma ba zai dawo da yashin da laka ta binne ba. Idan bidiyo na gaba ya fito, a ɗan kau da ido daga hancin a dubi bayan giwar: shin ruwan gudu yake ko tsaye, akwai bango a gefe, akwai matattun itatuwa tsaye a ciki, kuma faɗin taɓon da ke tsakanin ciyawa da ruwa ya kai taku nawa.