Yawan Megapiksel Ba Shi Ne Kyan Hoto Ba

Masu sayen kyamara da yawa megapiksel (adadin miliyoyin ɗigon da ke haɗa hoto) kawai suke tambaya, wai mai 48 ta fi mai 24. Alhali girman hoto yake nunawa, ba kyansa ba. Megapiksel 9 ma sun isa a wanke hoto tsaf a takardar A4.

Abin dubawa shi ne faɗin sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai. Babba, mai milimita 36 da 24, ya fi tara haske, shi ya sa hotonsa na dare ba ya yin dishi-dishi.

Gara ma ka rage kuɗin kyamarar ka sayi gilashin gaba mai kyau. Lambar f tana nuna faɗin ƙofar shigar haske: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashin 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na 18-55mm ɗin da ake haɗowa da kyamara, idan an zuƙo shi ƙarshe ya tsuke zuwa f/5.6.