Wa ke zaɓen karatun Misa, kuma wa ke da ikon yin wa'azi a kansa?

Sau da yawa mai ibada kan fito daga Misar Lahadi, wato babbar ibadar 'yan Katolika, yana zargin cewa Fada, limamin da ya jagoranci ibadar, ya zaɓi karatun ranar ne don ya yi masa habaici, musamman idan nassin ya sosa masa inda ke yi masa ƙaiƙayi. Alhali kuwa Fada ba shi da hannu a zaɓen, domin an jera karatun tun shekaru da dama da suka wuce, kuma kusan nassi ɗaya ake karantawa a wannan rana a majami'un Katolika masu bin tsarin ibadar Roma a duk faɗin duniya.

Ƙa'idar ta samo asali ne daga Babban Taron Batikan na Biyu, wato taron bishop-bishop na Katolika na duniya, wanda ya zauna daga 1962 zuwa 1965. A kundin da ya fitar kan ibada a 1963, taron ya umarta a buɗe wa jama'a taskar Littafi Mai Tsarki fiye da yadda aka saba, ta yadda za su ji muhimman sassansa cikin ƙayyadaddun shekaru. Kafin nan karatun Lahadi na shekara guda ne ake maimaitawa, kuma da ƙyar ake jin Tsohon Alkawari. Sabon jadawalin ya fito a 1969, aka sake duba shi a 1981.

Jadawalin ya raba ranakun Lahadi zuwa shekaru uku. A shekarar A ana bin Bisharar Matiyu, a B ta Markus, a C kuma ta Luka, yayin da ta Yohanna ke shigowa galibi a lokacin azumin da ke zuwa kafin Ista da lokacin Ista kansa, da wasu makonni na shekarar B, kasancewar Bisharar Markus gajeriya ce. Duk shekarar da lambarta ta rabu gida uku babu saura, C ce, kamar 2025, sai dai a tuna cewa shekarar ibada tana somawa ne daga Lahadin farko na lokacin jiran zuwan Almasihu, wato makonni kaɗan kafin Kirsimeti. A yawancin ranakun Lahadi ana ɗauko karatu na farko daga Tsohon Alkawari don ya dace da Bisharar ranar, sai Zabura, sai wasiƙun manzanni da ake bi kashi-kashi daga mako zuwa mako. Wannan ne ya sa a wasu lokuta karatu na biyu kan yi kamar bai da alaƙa da sauran, don haka ba dole ba ne mai nazari ya matsa sai ya ɗaure ukun da igiya ɗaya. Ranakun mako kuwa zagayen shekara biyu gare su a karatu na farko.

Akwai ɗan sarari na zaɓi, kamar a bikin aure ko jana'iza, inda ake ɗauka daga cikin nassosin da aka tanada. Abin da aka haramta ƙarara shi ne a musanya karatun ko Zabura da rubutun da ba na Littafi Mai Tsarki ba, komai daɗinsa.

Batun wa'azi ya fi jawo rashin fahimta. Kundin dokokin Ikilisiya, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙaddamar a 1983, ya ce a sashe na 767 wa'azin da ke biyo bayan Bishara wani ɓangare ne na ibadar kanta, kuma an keɓe shi ga Fada ko dikin, wato ma'aikacin Ikilisiya da aka naɗa a matakin da ke ƙasa da Fada. Wajibi ne a yi shi a Misar Lahadi da ta manyan ranakun idi matuƙar jama'a sun taru, ba a kuma barinsa sai da dalili mai nauyi. A ranakun mako an ƙarfafa yin sa ne kawai. Dokar ba ta yanka masa mintuna ba, kodayake Paparoma Faransis ya sha jan kunnen masu wa'azi da su taƙaita, kuma duk wanda ya taɓa zama a benci yana kallon agogo ya san dalilinsa.

Wannan keɓewa ba ta rufe bakin sauran masu bi ba. Namiji ko mace na iya karanta nassosin da ke zuwa kafin Bishara, kuma tun 2021 ana iya naɗa mata a hukumance a wannan hidima. Sashe na 766 ya yarda wanda ba a naɗa Fada ko dikin ba ya yi wa'azi a coci idan buƙata ta kama, bisa ƙa'idar majalisar bishop-bishop ta ƙasarsa, muddin bai maye gurbin wa'azin Misa ba. Da irin wannan izini ne katikis, wato mai koyar da addini a coci, ke bayyana nassi ranar Lahadi a inda Fada bai samu zuwa ba. Iyali da suka buɗe Bisharar gobe da daddare suna tambayar juna abin da take nema daga gare su, ko ƙungiyar addu'a da ke tattauna karatun mako, ba sa buƙatar izinin kowa, sai dai wanda ya fitar da nazarinsa a bainar jama'a kada ya gabatar da shi a matsayin koyarwar Ikilisiya ta hukuma.