Bindiga mai sakata: me ke sa harsashi ya faɗa inda aka auna?

Me ya sa masu harbin saiti suka fi son irin wannan bindiga?

Saboda yadda take kullewa. A bayan bututun akwai wani ƙarfe mai ɗan hannu, kamar sakatar ƙofa. Ka ɗaga shi ka ja baya, kwanson harsashi ya fita, ka tura shi gaba sabon harsashi ya shiga, ka danna ƙasa ya kulle. Da zarar ya kulle, babu wani babban ƙarfe da ke kai da komo lokacin da harsashi ke fita, kuma kowane harsashi yana zama daidai inda ɗan'uwansa ya zauna. Tsarin da kamfanin Mauser na Jamus ya fitar a 1898 shi ne tushen yawancinsu. Remington 700 da ta fito a 1962, da Savage 110, da Tikka ta ƙasar Finland, duk wannan hanya suka bi.

Idan aka ce bindiga tana da saiti, me ake nufi?

Ana nufin ta tara harsasai wuri guda. Ma'aunin da ake auna faɗin wurin da suka taru da shi ana kiransa MOA, kuma MOA ɗaya ya kai kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. A mita 300 ya zama kusan santimita 9. Ga mai harbin ƙananan dabbobi masu ɓarna a gona, irin su zomo da dila, wannan lissafi ba wasa ba ne, domin wurin da za a samu dabbar ta mutu nan take bai wuce tafin hannu ba. Bindigar da ke watsa harsashi raunata dabba take yi ta bar ta da wahala, abin da maharbi na kirki ba ya so ko kaɗan.

Wane harsashi zan zaɓa?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don gudu yana jan hankali. Samfurin .22-250 yana fita da gudun kusan mita 1,120 a daƙiƙa da harsashi mai nauyin giram 3.6, yayin da .223 Remington ke yin kusan mita 990 da irin wannan nauyi. Amma gudun nan da kuɗinsa: albarushi mai yawa yana cinye maƙogwaron bututu, wato farkonsa ta inda harsashi ke shiga, da wuri, bututun kuma yana saurin ɗaukar zafi.

Ni dai ga mai farawa .223 nake zaɓa. Ba ya naushin kafaɗa, har kana iya ganin inda harsashinka ya faɗa ta cikin madubin hange, bututunsa yana daɗewa, kuma yana da sauƙin samu. Wanda ya harba ɗari biyar da .223 zai fi wanda ya harba hamsin da harsashi mai tsada sanin iska da nisa. Idan harbin bai wuce mita 100 zuwa 150 ba, .17 HMR ya wadatar, .22 LR kuma babu kamarsa wajen koyo a gajeren zango. Mai son allon saiti a mita 600 ko fiye, sai ya duba 6.5 Creedmoor ko .308 Winchester.

Na ga ana rubuta 1:8 ko 1:12 a jikin bututu. Mene ne wannan?

A cikin bututu akwai tsagi da ya murɗe, shi ke sa harsashi ya yi ta juyawa don kada ya kife a iska. 1:12 na nufin juyi ɗaya a kowane inci 12. A .223, wannan ya dace da gajerun harsasai marasa nauyi. Dogaye masu giram 4.5 zuwa 5, waɗanda suka fi jure iska, sai 1:8. Idan ka sa dogon harsashi a bututu mai juyin 1:12, za ka ga ramin da ya huda a takarda ya yi tsawo kamar ramin makulli, alamar a karkace ya iso. Duba wannan lamba kafin ka biya, don ba a canza ta sai an canza bututu.

Bututu mai kauri dole ne?

Ga mai zama wuri ɗaya yana harbi a jere, eh. Kauri yana jinkirta zafi, nauyi kuma yana kwantar da bindiga. Mai yawo da ita a kafaɗa wuni guda zai fi jin daɗin matsakaici. Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne kada bututu ya taɓa ƙota. Bayan ka tabbatar babu harsashi a ciki, zura takarda tsakaninsu ka ja ta baya. Idan ta wuce sumul, madalla. Idan ta maƙale, wurin zai riƙa sauya saiti duk lokacin da ƙarfe ya yi zafi ko katako ya sha danshi.

Kunama fa?

Kunama mai tauri tana sa hannu ya janye bindiga daga saiti kafin ta tashi. Nemi wadda ke sakewa tsaf, ba ja ba dogon jira. Ta Tikka ana daidaita ta tsakanin kilo 1 zuwa 2. Kada a sassauta ta fiye da abin da kamfani ya ƙayyade.

Yaya zan gwada ta bayan na saya?

Da farko, lasisi da dokar farauta ta ƙasarka su zama a kammale, kuma a bayan allon a sami tudun ƙasa da zai tare harsashi. Ka ware kuɗi mai kauri don madubin hange da maɗaurinsa, domin madubin da ke gocewa yana sa a zargi bindiga a banza. Ɗora ta a kan buhunan yashi, gaba da baya. Kawo harsasai na kamfanoni uku ko huɗu, don kowane bututu da wanda yake so, ko da bindigogin ƙira ɗaya ne. Harba biyar-biyar, ba uku-uku ba, uku kan haɗu da sa'a kawai. Bari bututu ya huce tsakani, ka rubuta sunan harsashi da nisa a jikin kowace takarda ka adana ta.