Wahalar cin kofi a wasannin jami'o'in Amurka

Wahalar cin kofi a wasannin jami'o'in Amurka magana ce da masu bin wasanni a can suka daɗe suna ja-in-ja a kanta, wato tsakanin ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka da besbol da hokin ƙanƙara da kokawa da sauransu, a wanne ne ya fi wuya makaranta ta zama zakarar ƙasa. Hukumar NCAA wadda aka kafa a 1906, hedkwatarta na Indianapolis, ita ke shirya kusan dukkan gasannin, kuma tun 1973 ta kasa makarantu aji uku, ajin farko shine na manya masu kuɗi da ake haskawa a talabijin. Abun da ya hana gardamar ƙarewa shine tambaya biyu ce aka cusa a guri ɗaya. Akwai wuyar da ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi take sha kafin ta tabbatar da ƙarfin nata da kofi a hannu, akwai kuma wuyar da ƙaramar makaranta take sha kafin ma a bar ta ta leƙa fagen, kuma sau da yawa wasan da ya fi tsanani ta fuska ɗaya shine mai sauƙi ta ɗaya fuskar.

Ƙwallon kwando

Gasar maza ta fara a 1939 da ƙungiyoyi 8 kacal, Oregon ta ɗauka. A 1985 aka kai ta 64, a 2011 ta zama 68, daga cikin makarantu wajen 360 da ke ajin farko, kusan ɗaya cikin biyar kenan ke samun shiga. Kowane rukuni, wato gungun makarantun da ke karawa da juna a kaka, zakaransa na da gurbi kai tsaye komin ƙanƙantar makarantar, dan haka ƙofa a buɗe take. Matsalar tana ciki. Gasar da suke kira March Madness sili ɗaya ƙwale ce, sai ka ci wasa shida a jere cikin sati uku, wasan minti 40, in hannun yaranka ya ƙi zura ƙwallo dare ɗaya ko babban ɗan wasanka ya tara laifi ya koma benci to shikenan sai baɗi. Lissafin ma ba wuya, a ce ƙungiya na da damar kashi 80 cikin 100 a kowane wasa, to damarta ta haɗa shida a jere kashi 26 ne kawai.

Tarihi ya nuna haka ƙarara. Indiana ta 1976 ta gama kaka da wasa 32 ba a doke ta ba ko sau ɗaya, bayanta Kentucky ta zo da 38 a jere a 2015 Wisconsin ta tare ta a wasan daf da na ƙarshe, Gonzaga ta zo da 31 a 2021 Baylor ta lallasa ta a wasan ƙarshe. A 2018 Virginia ce aka sa a lamba ta ɗaya a jerin ƙarfi da ake yi wa ƙungiyoyi daga 1 zuwa 16, wata ƙaramar makaranta UMBC mai lamba 16 ta ci ta 74 da 54 a wasan farko, abun da ba a taɓa gani ba a gasar maza, amma a 2019 Virginia ɗin ta dawo ta ɗauki kofin da kusan yaran nan dai. Purdue ma ta sha irin wannan kashin a hannun Fairleigh Dickinson a 2023. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ya kai Houston wasan ƙarshe sau biyu, 1983 da 1984, duka aka doke su, na farkon ma da maki biyu NC State ta ci a daƙiƙar ƙarshe, duk da haka shi aka ba gwarzon gasar.

Sai dai fa kar a ɗauka wannan ruɗanin na nufin kowa na iya ɗaukar kofin. Ƙananan makarantu suna kayar da babba ɗaya ko biyu ne su yi suna su koma gida, a tsarin 64 ɗin nan mafi ƙasƙancin lamba da ta taɓa cinyewa ita ce Villanova mai lamba 8 a 1985. Masu kawo UCLA a matsayin hujjar cewa ana iya mamaye gasar, sabida koci John Wooden ya ci kofi 10 tsakanin 1964 da 1975 har da bakwai a jere, suna mantawa a lokacin ƙungiyoyin ba su wuce 25 ba sai a shekararsa ta ƙarshe, wasa huɗu ake ci a ɗaga kofi, kuma yaransa suna zama har su gama karatu ba kamar yanzu da gwanin gaske yake shekara ɗaya ya wuce gasar ƙwararru ta NBA ba. Tun daga nan waɗanda suka iya ci sau biyu a jere ƙalilan ne, Duke a 1991 da 1992, Florida a 2006 da 2007, sai UConn a 2023 da 2024, inda a na 2023 ɗin Adama Sanogo ɗan Mali ya zama gwarzon gasa yana azumin Ramadan.

Ɓangaren mata labarin daban ne dan gwanaye sun fi taruwa a makarantu kaɗan kuma suna daɗewa. UConn ƙarƙashin Geno Auriemma ta ci huɗu a jere daga 2013 zuwa 2016, ta taɓa yin wasa 111 ba faɗuwa, a 2025 ta kai kofi 12.

Ƙwallon Amurka

Nan ne abun yake da ban mamaki, wasan da ya fi kowanne kawo kuɗi amma a matakinsa na sama NCAA ba ta ba da kofi. Shekaru da dama ƙuri'a ake kaɗawa, ƴan jarida ta hannun kamfanin dillancin labarai na AP tun 1936 sannan kociyoyi da tasu, shi ya sa ake samun zakara biyu a shekara ɗaya, Colorado da Georgia Tech a 1990, Miami da Washington a 1991, Michigan da Nebraska a 1997. Daga 1998 aka kawo tsarin BCS mai haɗa ƙuri'a da lissafin kwamfuta ya fitar da ƙungiya biyu su kara, shi ma bai hana rabuwar kai tsakanin LSU da USC a 2003 ba. A 2014 aka koma ƙungiya huɗu da kwamiti ke zaɓa, sai a kakar 2024 aka faɗaɗa zuwa 12, cikin makarantu sama da 130.

Wuyar nan ta shiga ce. Auburn ta ci duka wasanninta a 2004 ba a kira ta wasan ƙarshe ba. UCF ta yi 13 ba faɗuwa a 2017 kwamiti ko kallonta bai yi ba, har ta gaji ta ayyana kanta zakara. Florida State ta ci 13 cikin 13 a 2023 a babban rukuni, aka ajiye ta dan mai jefa mata ƙwallo Jordan Travis ya karye a ƙafa, wanda a gaskiya ko a ina aka kai wannan ƙarar da wuya a ce an yi adalci. Daga ƙananan rukunai kuwa sai a koma BYU ta 1984 kafin a sami zakara, kuma daga Florida a 1996 har zuwa kakar 2024 babu makarantar da ta ɗanɗana kofin a karon farko, tsofaffin hannu ne ke ta karɓa-karɓa.

Dalilin a jikin wasan yake. A kwando mutum biyar ne a fili, gwani ɗaya ko biyu sun isa su ɗaga makaranta. A ƙwallon Amurka kana buƙatar 11 na kai hari da 11 na tsaro da masu canjinsu, shekaru da yawa guraben sikolashif 85 aka yarda da su yayin da kwando ke da 13, kuma ƙartin da ke layin gaba masu nauyin kilo 130 da ɗoriya waɗanda kuma suke da sauri ba su da yawa a ƙasar, makarantu goma sha wani abu ne ke kwashe su. Ƙarfin jiki kuma ba ya barin sa'a ta yi aiki sosai, ƙaramar ƙungiya na iya riƙewa zuwa hutun rabin lokaci daga nan sai gajiya ta tona mata asiri. Shi ya sa ga wanda ke da kaya wasan ya fi kwando sauƙin maimaitawa, Nick Saban ya ci shida a Alabama tsakanin 2009 da 2020 bayan wanda ya ci a LSU, a mataki na biyu na ajin farko kuma inda ake gasar ƙungiya 24 North Dakota State ta tara 10 daga 2011 zuwa 2024. Faɗaɗawar da aka yi ta sauya nau'in wuyar, Ohio State ta faɗi sau biyu a kakar 2024 wanda a da ya isa ya kashe mata shekara, amma sai da ta bi ta kan Tennessee da Oregon da Texas da Notre Dame kafin ta ɗaga.

Besbol

In ana maganar wuyar da mafi ƙarfi ke sha, da yawa suna ganin besbol ne kan gaba, kuma hujjarsu na da nauyi. Ƙungiya 64 ke shiga, a kasa su rukuni 16 na huɗu-huɗu inda sai ka faɗi sau biyu za ka fita, daga nan karawar wasa uku, sai takwas ɗin da suka rage su tafi Omaha a jihar Nebraska inda ake kammalawa tun 1950. Aƙalla nasara 10 ake nema. A ido sai a ce tunda ana yafe faɗuwa ɗaya ai babba ya huta, amma wasan gaba ɗaya ya rataya ne a hannun mai jifa, kuma gwaninka in ya yi jifa yau sai ya huta kwanaki, dan haka a wasa na huɗu cikin kwana uku yaron da ba a taɓa jin sunansa ba ne ke riƙe da kakarka. Miami ta ci a 1999 tana lamba ta ɗaya a ƙasa, ba a sake samun mai lamba ɗaya da ta ɗauka ba sai Tennessee a 2024. A tsakani Fresno State ta ci a 2008 bayan an doke ta sau 31 a kakar, Coastal Carolina ta ci a 2016 a zuwanta Omaha na farko, Ole Miss ta 2022 kuwa da ƙyar ma aka sa ta a gasar. Sa'a ta fi manyan kaya kenan.

Akwai kuma yanayi. Ana fara kaka a tsakiyar Fabrairu lokacin arewacin Amurka na cikin ƙanƙara, makarantun can sai su yi makonni suna yawon wasa a kudu, yara masu kyau kuma sun fi son Florida da Texas da Louisiana da Kalifoniya, abun da ya sa rabon tsofaffin makarantun rukunin Big Ten na arewa da kofin tun Ohio State a 1966.

Hoki da ƙwallon ƙafa

Hokin ƙanƙara a lissafi shine mai sauƙi, makarantu wajen 60 ne, 16 ke shiga, nasara huɗu kawai. Amma wasa ne mai ƙarancin ci inda gola ɗaya in ya tashi da ƙafar dama zai iya hana ƙungiyar da ta fi tashi ƙarfi cin komai, dan haka a nan ƙaramar makaranta ta fi samun rabo, Union College mai ɗalibai dubu biyu da ƴan kai wadda ba ta ba da sikolashif na wasa a lokacin ta ci a 2014, Yale ta ci a 2013, Quinnipiac a 2023. Ƙwallon ƙafa ta maza ma haka, ƙungiya 48, ci ɗaya ko bugun fenariti ya raba gardama, Marshall ta ɗauka a gasar 2020 da aka buga a 2021 sabida korona, Vermont ta ɗauka a 2024, dukansu ba a sa su cikin manya ba. Ta mata kuwa North Carolina ta Anson Dorrance ta kwashe 21, tara a jere daga 1986 zuwa 1994.

Wasannin tara maki

A kokawa da guje-guje da ninƙaya ba a kara ƙungiya da ƙungiya, kowane ɗan wasa ke shiga nasa ajin ya kawo maki a haɗa. Wannan tsarin yana kashe sa'a kusan gaba ɗaya, in yaro ɗaya ya faɗi saura tara na nan. A kokawa ajin nauyi 10 ne, Oklahoma State na da kofi 34, Iowa ta Dan Gable ta ci tara a jere daga 1978 zuwa 1986, Penn State ta Cael Sanderson ta ci 12 daga 2011 zuwa 2025, shi kansa Sanderson yana ɗalibi a Iowa State karawa 159 ya yi ba wanda ya kai shi ƙasa. Arkansas ta John McDonnell ta ci gasar guje-guje ta cikin zaure 12 a jere daga 1984 zuwa 1995, Kenyon a aji na uku ta riƙe ninƙayar maza shekara 31 daga 1980 zuwa 2010, ƙwallon ruwa ta maza kuma ba ta taɓa fita daga Kalifoniya ba. Ga baƙo waɗannan su ne kofunan da suka fi kowanne nisa, sai dai ɗan wasa shi kaɗai na iya zama zakara ko makarantarsa ba ta tsinana komai ba, Blessing Okagbare ta ci tseren mita 100 da dogon tsalle a UTEP a 2010, Tobi Amusan ta ci tseren tsallake shinge a makarantar dai a 2017. A guje-guje na ɗaya maki 10 yake samu, shi ya sa nasarar Divine Oduduru a mita 100 da 200 a 2019 ta zama babban kaso na makin da Texas Tech ta ɗauki kofin maza da shi.

Dokokin da suka canza

Duk wannan kwatancen an gina shi ne kan zamanin da ɗan wasa ba ya karɓar kuɗi kuma in ya canza makaranta a manyan wasanni sai ya zauna shekara guda. A 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa, a Yulin 2021 aka yarda ƴan wasa su ci kuɗin talla da sunansu, a 2025 kuma sulhun shari'ar House, ƙarar da ƴan wasa suka kai NCAA, ya ba makarantu damar biyan ƴan wasansu kai tsaye har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko, aka maye iyakar sikolashif da iyakar yawan ƴan wasa. Abun yana yanka ta gefe biyu, babbar makaranta ba ta iya ajiye gwani a benci shekara biyu yana jiran layi dan zai tattara ya tafi inda za a sa shi, ƙaramar makaranta kuma in ta raini yaro ya fara haskawa kafin baɗi wani mai aljihu ya ɗauke shi.